Wa Ke Bin Sawun Yaranmu Bayan Sun Dawo Gida?

Ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka afka wa makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna, suka kora ɗalibai cikin daji. Bayan fiye da mako biyu aka sanar da kuɓutar da yara 137. Kafin su akwai ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, da na jami'ar Greenfield a Afrilu, da na makarantar Bethel Baptist a Yulin shekarar ta 2021. Duk lokacin da aka sako yara, tsarin ɗaya ne: a kai su asibiti, a duba jikinsu, a yi musu sabbin kaya, a ɗauki hoto, a miƙa su ga iyaye. Kowa ya yi hamdala, kuma ta cancanci a yi. Sai dai ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan wannan rana, lokacin da 'yan jarida suka watse, aka bar uwa da ɗanta a ɗaki.

Tsoro ba ya fita daga jikin yaro ranar da ya taka ƙofar gidansu. Sau da yawa ma sai bayan makonni yake bayyana. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun tuni sai ya koma. Wani ya riƙa firgita cikin barci yana ihu. Wata ta riƙa kukan ciwon ciki duk safiyar da za a tafi makaranta, a yi gwaji a rasa komai. Wani ya zama mafaɗaci, wani ya yi shiru kamar an ɗauke masa harshe, ƙarar babur kaɗai ta sa shi shigewa ƙarƙashin gado. Yawancin yara suna warwarewa da kansu idan suka samu gida mai natsuwa, suka koma karatu da wasa. Amma akwai waɗanda abin ba ya sakinsu, kuma aikin hukuma shi ne ta san su waye, ta same su a inda suke. Wannan ba ya yiwuwa da ziyarar kwana uku. Sai da wani ma'aikaci a mazaɓar yaron, wanda aikinsa ne ya sake ganinsa bayan wata ɗaya, bayan wata shida, bayan shekara.

Kada a ɗauka maganar yaran da aka sace ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin shekara 14. A Kaduna sai ka ɗora da namu na gida: yaran da aka raba da ƙauyukansu a Birnin Gwari da Giwa da Kajuru, yaran Tudun Biri da suka ga bam ɗin da jirgin soja ya jefa a taron Maulidi a Disamba 2023, yaran kudancin jihar da suka tashi cikin rikici, jariran da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, waɗanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya bari da farfaɗiya, masu galahanga, da samarin da suka fara da sholisho suka kai ga tiramadol. A gida ba ma kiran kowane ɗaya daga cikin waɗannan da sunan ciwo. Mukan ce yaron ba ya ji, ko daƙiƙi ne, ko iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu.

In iyaye suka yanke shawarar zuwa asibiti, ina za su? Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, akwai Barau Dikko, akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ƙwararru ne a wuraren nan, suna kuma aiki fiye da ƙarfinsu. Amma jiha ce mai ƙananan hukumomi 23, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa ba su taka kara sun karya ba. Uwar da ke Kuyello ko Kauru, ta ina za ta haɗa kuɗin mota na mutum biyu, da na kati, da na magani, da na kwana, sannan ta maimaita haka duk wata? Zuwan farko ana iya sayar da akuya a yi shi. Na biyu da na uku ne ke gagara, kuma ciwon ƙwaƙwalwa a zuwa na biyu da na uku ake maganinsa.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Lafiyar ƙwaƙwalwar yara a Kaduna wurinta ƙaramin asibitin mazaɓa ne da makarantar firamare. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma an daɗe da ɗaukar manufar a samu aƙalla asibitin matakin farko guda mai aiki a kowace mazaɓa. Ginin yana nan. Takardu ma suna nan: tun 1991 Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, a farkon 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018, tana kuma da hukumar da ke kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba doka muka rasa ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikaciyar da ke zaune a kan teburin awo ta san abin da za ta tambaya, ta samu abin da za ta bayar, a kuma samu wanda zai tambaye ta yadda aka ƙare.

Duk wanda ya taɓa raka mace ƙaramin asibiti ranar rigakafi ya san yadda wurin yake. Mata sun cika benci, wasu a ƙasa kan tabarma, jarirai na kuka, ma'aikaciya ɗaya ko biyu ga tulin manyan rajistoci a gabansu. A ɗora jariri a sikeli, a ɗiga masa, a yi allura, a rubuta a kati, mai bi. Na taɓa ganin wata yarinya mai jego, da ƙyar in ta kai shekara ashirin, tana riƙe da jaririnta can nesa da ƙirjinta, idonta a bango. Surukarta ce ke amsa duk tambayar da aka yi. Da aka zo kanta, tsohuwar ta sunkuya ta ce, "Malama, yarinyar nan tun da ta haihu ba ta barci, ba ta ci, sai kuka. Ko nonon ma sai na tsaya a kanta." Ma'aikaciyar ta ɗago, ta dube ta da tausayi na gaske, ta ce, "Ayya, Inna, jego ne. A riƙa ba ta kunun kanwa, a yi ta addu'a." Ta rubuta nauyin jariri, ta kira ta gaba.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Babu wanda ya koya mata cewa wannan na iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, babu gurbin rubuta shi a rajistar da ke gabanta, kuma mata hamsin na jiranta. Amma a wannan minti ɗaya aka rasa damar taimakon mutum biyu. Uwar da damuwa ta danne ba ta iya shayarwa yadda ya kamata, ba ta yi wa jariri wasa da hira, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna alaƙa tsakanin damuwar uwa da rashin girman yaro. Shi ya sa duk tsarin da za a yi wa yara, daga uwa ya kamata ya fara. Akwai takardar tambayoyi goma kacal da ake amfani da ita a duniya wajen gano irin wannan damuwa, ba ta cin minti biyar. A Pakistan an horar da matan da ke bin gida-gida suna aikin lafiya, waɗanda ba likitoci ba ne, suka riƙa zama da masu ciki da masu jego suna tattaunawa da su bisa wani tsari, sakamakon ya yi kyau har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta yaɗa shi. A Zimbabuwe kakanni mata aka horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Mu da muke da ungozomomi da masu bin gida-gida na rigakafin shan inna, waɗanda suka san kowane zaure a unguwa, ba mu da hujjar cewa ba mu da mutane.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda aka yi shi musamman don nas da ma'aikacin lafiya na al'umma su iya gane ciwon damuwa, farfaɗiya, taɓin hankali, shaye-shaye da matsalolin ɗabi'a da girman yara, su yi maganin abin da za su iya, su tura abin da ya fi ƙarfinsu. An riga an daidaita shi da yanayin Najeriya. Amma a nan ne nake so masu tsarawa su yi hattara, domin a nan aka fi yin tuntuɓe. Horo na kwana biyar a otal, da jaka da takardar shaida, ba ya canja komai shi kaɗai. Ma'aikaci zai koma bakin aiki, yaro na farko da ya zo da abin da ya ɗaure masa kai zai tura shi Barnawa, daga nan ya koma yadda yake. Abin da ke riƙe horo shi ne a samu nas ɗin ƙwaƙwalwa da ke zagayowa duk wata, ya zauna da shi su duba katunan marasa lafiya tare, da lambar wayar likita da zai kira in ya rikice. Sai kuma magani. Maganin farfaɗiya na yau da kullum yana cikin mafi araha, amma in uwa ta zo wata biyu a jere aka ce mata ya ƙare, ba za ta zo na uku ba, kuma yanke maganin farfaɗiya kwatsam yana da haɗari ga yaro. Akwai kuma canjin wurin aiki: a horar da mutum yau, gobe a ɗauke shi a kai wata mazaɓa, a kawo wanda bai san komai ba.

Makaranta ita ce ƙafa ta biyu. Malamin aji yana ganin yaro awanni da yawa a rana, shi ke fara lura cewa wance ta daina magana ko wane ya fara barci a aji. Ba ina cewa a mai da malamai likitoci ba. A koya musu alamu kaɗan, a nuna musu wa za su gaya wa, a kuma koya musu abin da za su yi in yaro ya faɗi. Har gobe akwai ajin da in farfaɗiya ta kama yarinya, yara za su watse da gudu saboda an gaya musu in yawunta ya taɓa su za su ɗauka, wani ya kawo cokali a cusa mata a baki, wani ya kawo albasa ko hayaƙi. Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Abin da ake bukata shi ne a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sa mata abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya ta gefe in jijjigar ta lafa, kada a sa komai a bakinta, in ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Darasin rabin awa ne. Rashinsa ke sa a cire yarinya daga makaranta har abada.

Yanzu ga maganar da wasu ma'aikatan lafiya ba sa son ji. Kafin yaro ya iso asibiti ya riga ya biya ta wurin malam, ko mai maganin gargajiya, ko fasto. An yi tofi, an sha rubutu, an yi ruƙiyya. Wannan ba zai daina ba, kuma ni ban ga dalilin yaƙar addu'a ba, ni ma ina yi wa 'ya'yana. Tsarin da ya yi kamar waɗannan mutane ba sa nan ya yaudari kansa. Tun a shekarun 1950 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka a Aro ta Abekuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 aka wallafa wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi in ma'aikatan asibiti suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini. To me zai hana a zauna da limamai da alarammomi da fastoci na kowace mazaɓa, a ce musu ku ci gaba da addu'arku, amma in kun ga kaza da kaza ku turo mana?

Sai dai haɗin kan yana da iyaka, kuma Kaduna ta fi kowa sanin inda iyakar take. A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara da samari, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Abin da ya kamata mu riƙa tunawa shi ne yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Ba don ba sa son 'ya'yansu ba. Uban da ɗansa ke shan ƙwaya yana sace kayan gida, ya je wurin 'yan sanda, ya je wurin dangi, ya rasa mafita, duk ƙofar da aka buɗe masa zai shiga. An rufe gidan, an yi daidai. Amma muddin ba a buɗe wa wannan uba wata ƙofa kusa da gidansa ba, wani gidan marin zai buɗe a wani lungu. Sarƙa da bulala da yunwa ba magani ba ne, ko da sunan wa aka yi su.

Na zo kan abin da ya fi damuna, wato yadda ake auna ko aiki ya yi. Mun saba da rahoton da ke cewa an horar da ma'aikata kaza, an wayar da kan mutum dubu kaza, an raba takardu kaza, an yi taro a ƙananan hukumomi kaza. Duk wannan lissafin abin da aka kashe ne, ba na abin da aka samu ba. Kamar manomi ne ya ba ka labarin buhunan takin da ya zuba, bai ce maka komai a kan abin da ya shiga rumbu ba. Tambayoyin da za su nuna gaskiya ba su da wuya. Cikin yaran da aka buɗe wa kati a watan Janairu, nawa ne suka dawo a Afrilu? Yaron da ke faɗuwa sau huɗu a wata, yanzu sau nawa yake faɗuwa? Ya koma makaranta? Cikin waɗanda aka tura babban asibiti, nawa suka isa, kuma nawa aka dawo da bayaninsu ga asibitin da ya tura su? Kwana nawa a wata aka yi babu magani a kanta? Sau nawa mai duba aiki ya zo? Nawa iyali suka kashe daga aljihunsu? Akwai takardar tambayoyi 25 da iyaye ko malamai ke cikewa a kan halayyar yaro, wadda ake amfani da ita a ƙasashe da yawa. In aka cike ta ranar farko aka sake cikewa bayan wata shida, ko wanda bai yi karatun likita ba zai ga ko an ci gaba.

Amma kada a ɗora wa ma'aikaciyar nan wata sabuwar rajista. A zaɓi abubuwa biyar ko shida, a saka su cikin rahoton wata-wata da take aikawa dama, wanda ke shiga rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Abin da ba ya cikin wannan rahoto, a idon ma'aikata ba aiki ba ne, domin ba wanda zai tambaye su shi. Sannan alƙaluman su riƙa dawowa ƙasa. Kwamitin ci gaban mazaɓa, inda mai unguwa da liman da wakiliyar mata ke zama, ya kamata ya ji cewa yara ashirin aka fara gani, takwas suka ɓace, don su ne za su san cewa gada ce ta karye ko maigida ne ya hana.

A tambayi iyaye ma, da yaran kansu in sun yi wayo. Ba a gaban ma'aikacin da ya duba su ba, domin Bahaushe ba zai kushe mutum a gabansa ba, "mun gode, Allah ya saka" kawai za ka ji. Jami'ar jihar da ta Ahmadu Bello suna da sassan lafiyar al'umma cike da ɗalibai masu neman abin bincike. A ba su wannan aiki, su bi gidajen waɗanda suka daina zuwa, domin a bakin waɗannan ake jin ainihin inda tsari ya yoye. Wanda ya gudanar da shiri bai kamata ya zama shi kaɗai ke ba kansa maki ba.

Akwai hatsari guda da dole a tsare tun farko, shi ne sirri. A unguwa kowa ya san kowa. In aka ware rana ko ɗaki aka ce na masu ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba uwar da za ta zaunar da 'yarta budurwa a wannan benci, don ta san maganar za ta taso ranar da aka zo neman aure. A duba su a layi ɗaya da kowa, katinsu irin na kowa, rajista a kulle, alƙaluman da za a kai gaban kwamiti kuma babu suna.

Na san abin da za a ce: zazzaɓi da tamowa da gudawa suna kashe yara yau, kuɗi kuma ba su isa ba. Gaskiya ne, kuma ba na neman a ɗebe ko sisi daga can. Amma yaron da tamowa ta kama sau da yawa uwarsa ce ke cikin damuwa, yaron da ya tsira daga sanƙarau shi ne mai farfaɗiyar gobe. Mutanen ɗaya ne, benci ɗaya suke zama. Abin da nake nema ba sabon gini ba ne. Layi ne a kasafin kuɗi mai sunansa, na man babur ɗin mai duba aiki, da magani, da katin waya. Asusun kiwon lafiya na matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa yana tura kuɗi kai tsaye ga irin waɗannan asibitoci, hukumar inshorar lafiya ta jiha ma tana iya tabbatar da cewa magungunan nan suna cikin abin da take biya wa marasa ƙarfi. Shirin da ya dogara kacokan ga ƙungiyar agaji yakan mutu ranar da motarsu ta bar gari.

Kuma ba sai an fara da mazaɓu 255 a rana ɗaya ba. A ɗauki 'yan ƙananan hukumomi da suka bambanta, kamar Chikun da Birnin Gwari inda tashin hankali ya yi yawa, da Igabi mai cunkoson Rigasa, da ɗaya daga kudu irin Zangon Kataf. A rubuta yadda abubuwa suke kafin a fara, a yi aiki shekara biyu, a fito da sakamakon kowace ƙaramar hukuma a fili, har da inda aka gaza, sannan a faɗaɗa abin da ya yi aiki. Lokacin kare kasafin kuɗi, kwamitin lafiya na majalisar dokokin jiha yana da ikon ya ce wa ma'aikatar lafiya da hukumar kula da asibitocin matakin farko su kawo waɗannan alƙaluma a rubuce. Ina roƙon 'yan majalisar da ke wakiltar Chikun su fara da tambayar yaran Kuriga: nawa ne cikinsu ke aji a yau, kuma wane ma'aikacin lafiya ne ya gan su a wannan zangon karatu.